Kujerar Ba-Ka-Zama

Kafin masu shagunan layin su gama laluben makullansu, shi ya riga ya share ƙofar nasa, ya yayyafa ruwa, ya goge madubi sau biyu. Shagon askin ɗan tsukuku ne, maƙale tsakanin na tela da na mai gyaran rediyo. Benci ɗaya ne a ciki, sai fanka mai kuka kamar za ta faɗo, sai kujerar aski ta ƙarfe wadda fatarta ta tsage aka ɗinke da zaren takalmi. Zai jera almakashi uku a kan farin tawul, ya ɗiga wa injin aski mai, ya karkaɗe ƙyallen da yake ɗaura wa mutane a wuya. In ya gama kuma ba wanda ya zo, sai ya leƙa titi, ya dawo ya matsar da kwalbar hoda daga dama zuwa hagu, ya sake leƙawa, ya mayar da ita inda take. Shayinsa ma a tsaye yake sha. Shi ya sa tun yana saurayi 'yan layin suka laƙaba masa Ba-Ka-Zama, sunan kuma ya bi shi har furfura, har jikokinsa sun ɗauka shi ne sunansa na gaskiya.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan tsayuwar. A ƙarshen watan da ya wuce ya ajiye almakashi, domin hannunsa na dama ya fara rawa, likita kuma ya ce masa kan mutane ba wurin gwaji ba ne. Da aski kaɗai ya yi, da mun ce masa sannu da aiki mun wuce. Amma duk wanda ya taɓa ɗaga kai a shagon nan ya ga kantar da ke saman madubi, da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta jere a kanta, kowanne da sunan mutum a bango. Saboda waɗannan littattafai ake wannan jinjina.

Abin ya faro ne daga wani tsohon magini. Shekara tara yana zuwa aski duk bayan mako biyu, kuma da zarar an ɗaura masa ƙyalle, ya ji ƙarar almakashi a bayan kunnensa, sai baki ya buɗe: yadda ya koyi gini a hannun wani mafaɗaci, yadda ya faɗo daga bene ya ɓoye wa mahaifiyarsa, yadda shi ya ɗora rufin makarantar da ke bayan kasuwa. Da ya rasu, mai askin ya je gaisuwa, yana ba babban ɗan marigayin labarin rufin nan don ya sanyaya masa rai. Ɗan ya zuba masa ido.

"Baba ne ya yi rufin? Ai a ƙarƙashinsa na yi shekara shida ina karatu. Bai taɓa gaya min ba."

Ba-Ka-Zama ya koma shago ransa a jagule. Ya share ƙasar da ba ta da gashi ko ɗaya, ya sake sharewa. Ashe abin da uba bai iya faɗa wa ɗansa ido da ido ba, a kujerar nan yake zubewa, a share shi tare da gashi a kai bola. Ran nan bai koma gida ba sai da ya sayi littafi da biro, ya rubuta duk abin da ya tuna na magini, shafi goma sha ɗaya, ya kai wa ɗan.

Tun daga nan yake da tsarinsa. Ba ya rubutu mutum na kan kujera. Nasa dai sauraro, da ɗan "To, sai aka yi yaya?" in labari ya nemi tsayawa. Sai mutum ya tafi zai sauko da littafinsa ya rubuta a tsaye, da sauri, kafin wani kan ya shigo. In mai labarin ya dawo aski na gaba, sai ya fara karanta masa abin da ya rubuta. Nan ake yin ta.

"Kai, Ba-Ka-Zama, ka ji tsoron Allah!" in ji wani tsohon maigadi, tela na jin su ta bango. "Yaushe na ce maka na gudu? Cewa na yi na ja da baya da sauri."

"Har gida ka ja da bayan?"

"Har gida. Amma ka rubuta yadda na faɗa."

Haka ya rubuta. Ba ya ƙara wa kowa jarumta, ba ya rage wa kowa. Abin da aka ce masa "wannan tsakanina da kai ne" kuwa, biro ba ya taɓa shi. Tela ya ce shekara talatin suna maƙwabtaka, ya sha bugun cikinsa, ko kalma ɗaya bai taɓa samu ba. Kowa kuma yakan faɗi wanda za a miƙa wa littafinsa in ta Allah ta kasance. In ranar ta zo, mai askin yakan jira sai masu gaisuwa sun ragu, ya je da littafin a cikin leda, ya miƙa, ya juya kafin a fara kuka. Ba ya iya tsayawa a gode masa.

Mai gyaran rediyo ya ce littattafan da suka bar kantar nan zuwa gidaje sun haura ɗari da sittin. Akwai wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba, takan sa jikarta ta karanta mata na mijinta duk ranar da kewa ta dame ta, tana gyara mata: "Tsaya, in ya zo nan dariya yake yi. Yi dariya tukuna ki ci gaba." A makarantar bayan kasuwa kuwa, an taɓa ba 'yan aji shida aikin rubuta tarihin kakanninsu. Yara bakwai suka zo da littattafai masu rubutun hannu iri ɗaya, mai karkacewa, kamar mai shi yana sauri kada mota ta tafi ta bar shi.

Kai ne, Ba-Ka-Zama, ka lura da abin da masu karatu suka wuce ba su gani ba: tsoho ba ya ba da labarinsa in an zuba masa ido. Sai an tsaya a bayansa, hannu na wani aiki, shi kuma yana kallon madubi kamar da kansa yake magana. Kai ne kunnen layinmu. Amma kai ma ka taɓa mance wannan darasi naka, kuma a watanka na ƙarshe, lokacin da babu sararin kuskure.

Littafi ɗaya ne ya hana shi sukuni a watan nan: na wani tsohon direban babbar mota, abokinsa na shekara talatin da biyar. Direba mutum ne mai surutu. Ya cika littafi biyu ya shiga na uku, da hanyoyi, da gadojin da ruwa ya cinye, da fashewar taya a dokar daji. Amma duk sanda labari ya kusa kaiwa ga matarsa, wadda ta rasu 'yarsu ɗaya tilo tana da wata takwas, sai ya ce, "Gyara min gefen nan, ka bar shi da tudu." Mai askin ya tsallake shafi goma a littafi na uku ya bar su fari fat, yana cewa wata rana.

Sai direba ya daina zuwa. Mantuwa ta kama shi, irin wadda ke fara cinye jiya kafin ta kai ga bara, ƙafafu kuma suka ƙi. 'Yar tasa, ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya uku, ta ɗauke shi ta mayar gidanta. Wata safiya sai ga ta a ƙofar shago da kayan aiki a jikinta.

"Kawu, jiya Baba ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi." Ta ɗaga kai ta dubi kantar. "Akwai mahaifiyata a littafin nan?"

Ya ɗauki burushi, ya ajiye. "Babu, 'yata."

"Ko hotonta ba ni da shi. Danginta sun watse tun ina goye. Autata ta tambaye ni, 'Mama, kakarmu doguwa ce ko gajera?' Kawu, na rasa abin da zan ce mata. Shi kaɗai ya rage da ya san ta. In ya mance ta, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin ta ba."

Ran nan ya rufe shago da hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya sa littafin a hammata ya bi ta. Ya sami direba a falo, an jingina shi da matashi, talabijin na ta yi ba mai kallo. Ya jawo kujerar roba ya zauna dab da shi. E, ya zauna, ko da yake tela har yau bai yarda ba. Ya buɗe littafi, ya cire murfin biro, ya dube shi cikin ido.

"To, Direba, yau sai ka ba ni labarin maiɗakinka."

Direba ya dubi biron, ya dubi mai askin, ya juya ga 'yarsa. "Wannan daga ofishin lasin yake? Ce masa takarduna na cikin mota."

Sau huɗu yana zuwa, sau huɗu yana dawowa da shafukansa fari. 'Yar ta gwada ajiye waya tana ɗaukar murya. Abin da wayar ta kama, tari ne da ƙarar fanka. Kowace safiya direba yakan wayi gari ya zubar da wani abu: yau sunan titinsu, gobe na jikansa. Mai askin ya rasa inda zai sa kansa. A gida abincin rana ya huce yana ta zagaye tsakar gida, har matarsa ta gaji.

"Malam, ka zauna ko ka fita. Ka sa min jiri."

"Mutumin nan shekara talatin da biyar ban taɓa roƙonsa magana ba. Yanzu ko gane ni ba ya yi."

"Yo ina zai gane ka? Mutumin da bai saba ganin fuskarka ba sai a madubi! Ka je ka kafe shi da ido da biro a hannu kamar ɗan sanda. Ni ma da haka ka zo min, da ban ce maka uffan ba."

Ya tsaya cak a tsakiyar gida.

"Ikon Allah, ya tsaya," in ji ta. "Yau za a yi ruwa." Kafin ta rufe baki ya kai ƙofa. "Takalmanka, Malam!"

Kujerar nan ba ta taɓa motsawa daga inda aka kafa ta ba, kusoshinta sun yi tsatsa sun zama ɗaya da daɓe. Mai gyaran rediyo ya kawo sifana, suka yi ta fama har gumi ya jiƙa su. Aka samo amalanke aka ɗora ta. Tela ya naɗe madubi a bargo ya rungume, yana tafe yana mita.

"Ni fa ɗinkin mutane na bari. In madubin nan ya fashe kada ka dube ni."

"Ɗaga ƙafa mana," in ji mai askin, "kai ka san abin da mutumin nan zai mance kafin mu isa?"

'Yan layin suka fito kallo. "Ba-Ka-Zama, aski ya koma bi gida-gida ne?" Bai ko waiwaya ba. Yana gaban amalanke, ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo, kamar shi zai ja titin ya gajarce.

A falon suka kafa kujerar, suka jingina madubi a kan tebur. Aka ciccibi direba aka ɗora shi. Mai askin ya karkaɗe ƙyalle ya ɗaura masa a wuya, ya buɗe kwalbar hoda don ƙanshin ya tashi. Sannan ya karya dokarsa ta shekara da shekaru, domin ya san mai yiwuwa babu aski na gaba da za a karanta a gyara. Ya miƙa wa 'yar littafin da biro, ta karɓa da hagu, kamar yadda take komai tun tana ƙarama.

"Zauna can baya, inda ba zai ji idonki a kansa ba. Duk abin da ya faɗa, rubuta yadda ya faɗa. Ko kuka ya zo miki, haɗiye."

Yanzu kan direba ya zama sanƙo tas, babu abin aski. Hannun mai askin kuma yana rawa. Sai ya riƙe almakashin nesa da fata, wajen taƙi guda, ya shiga yankan iska a bayan kunnen abokinsa. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Minti ɗaya, minti biyar. A hankali kafaɗun direba suka sauka, ya dubi madubi, ya ƙanƙance ido.

"Ba-Ka-Zama, almakashin nan naka ya dakushe."

"Kanka ne ya yi tauri, Direba."

"Kullum haka kake cewa." Ya gyara zama. "Na taɓa gaya maka ranar da na ɗauko siminti, lagireto ya tafasa a kan hawa?"

Ya sha gaya masa, kuma kullum a nan labarin ke tsayawa a koma gyaran gefe. Mai askin bai tsayar da almakashi ba. "To, sai aka yi yaya?"

"Na ɗauki galan na yi sallama a gidan farko. Sai ga yarinya ta fito da bokiti. Doguwa, sai da ta sunkuya a ƙofa. Na miƙa hannu zan karɓa in kai wa mota, ta janye. Ta ce, 'Ƙarfe zai sha kai ba ka sha ba? Sha tukuna.'"

Daga baya can, biro ya fara gudu a kan takarda.

"Sai aka yi yaya?"

"Sai lagireto ya riƙa tafasa a wurin duk mako." Direba ya yi dariya har ƙyallen wuyansa na girgiza. "Mota lafiyarta lau! Har ubanta ya tare ni ya ce, 'Yaro, motar ce ba lafiya ko kai?'"

Daga nan labari ya ɓalle. Tana da wushirya. Tana tsoron ƙadangare amma ba ta tsoron maciji. In ta yi fushi sai ta kama wanki, har kayan da aka riga aka wanke. Cikin motoci goma tana gane kukan tasa, kafin ya kashe inji ta ɗora ruwa a wuta. Almakashi na ta ƙyas-ƙyas, shafuka na ta juyawa. Sai muryar ta yi ƙasa.

"Ina hanya zazzaɓi ya kama ta. Gada ta karye, muka yi kwana biyu a bakin kogi. Na iso an riga an kai ta. Maƙwabciya ta ce min har ƙarshe tana cewa ga kukan motata nan. Ba tawa ba ce."

Hannun mai askin ya nemi tsayawa. Ya san in ƙarar nan ta ɗauke, ƙofar za ta rufe, sai ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu ya ci gaba da yankan iska, hawaye na bin gemunsa. Ya jira a ce masa ya gyara gefe. Ba a ce ba. Idon direba ne ya sauka a kan wani abu a kusurwar madubi.

"Wace ce can take rubutu da hagu?"

"'Yarka ce, Direba."

"Haka uwarta take. Da hagu ta miƙo min ruwan nan, ubanta na yi mata faɗa, ni kuwa ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. Shi ya sa da malamai suka ce in hana yarinyar nan, na ƙi. Abin da ya rage min ke nan na uwarta, in hana?"

Wani abu ya ɗiga a kan shafin, tawada ta ɗan baje. 'Yar ba ta ɗaga kai ba, ta goge da gefen hannu ta ci gaba da rubutu, kamar yadda aka ce mata. Shafi goman nan suka cika, ta ɗora a cikin bangon littafin.

Bayan mako biyu, direba ya daina gane mutumin da yake gani a madubi. Yana nan da ransa, ana kula da shi. Amma autar gidan ta sami amsarta. An ce yanzu duk ƙofar da za ta shiga sai ta sunkuya, ita da ko mariƙin ƙofar ba ta kai ba, tana cewa ita ma doguwa za ta zama kamar kakarta.

Ranar da aka rufe shagon, Ba-Ka-Zama ya bi gida-gida ya mayar wa masu rai littattafansu, ya ce kowa ya ba ɗansa biro ya ɗora daga inda aka tsaya. Ya ɗauka ya gama. Ran Asabar da ta biyo baya sai ya ji ƙarar amalanke a ƙofar gidansa: ga kujerar aski a kanta, ga tela da madubi a rungume, ga 'yar direba da sabon littafi.

"Kawu, zauna."

"Ni? Ni ina na ga labari? Aski kawai na yi."

"Malam, ka ji abin da aka ce," in ji matarsa, ta riga ta karkaɗe ƙyalle. "Shekara arba'in ina jira in ga ka a wuri ɗaya."

Ta ɗaura masa, ta tsaya a bayansa da almakashi. An ce sau uku yana miƙewa, wai zai duba ko an rufe famfo, sau uku ana mayar da shi. Amma littafin ya kai shafi goma sha tara, kuma har yanzu ba a zo ga ranar da ya buɗe shago ba.

Mun gode, Ba-Ka-Zama. Kai ne ka tsince abin da ake sharewa tare da gashi, ka mayar wa 'ya'ya iyayensu a cikin leda, ka juya kafin a ce maka sannu. Yau ba inda za ka gudu, an ɗaura maka ƙyalle, sai ka ji ta. Allah ya huta gajiya, ya ba hannun nan lafiya, ya saka maka da alheri.

Mu kuma da ke da tsoho ko tsohuwa a gida, kada mu ce sai an sami hutu. Mu nemi littafi da biro a makon nan. Kada mu zauna a gabansu mu kafe su da ido. Mu tsaya a bayansu, mu taje musu kai, mu matsa musu kafaɗa, mu bar hannu yana aiki. In sun fara suka yi shiru, kada mu cike musu shirun da namu surutu. Mu jira, sannan mu ce a hankali, "To, sai aka yi yaya?"